Matambayi Ba Ya Ɓata: Numfashin 'Yan Ƙwallo, Barikin Chindit da Sanyin Randa

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga filayen ƙwallo na unguwa suka fito, sai wasu kan tarihin yaƙi da al'amuran gida. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ina horar da ƙungiyar matasa a unguwarmu, 'yan shekara 17 zuwa 23. Kullum bayan sallar asuba muna gudun kilomita bakwai ko takwas a bakin titi, amma ranar wasa da an kai minti na 60 sai yaran su saki jiki, suna haki, ana ta zura mana ƙwallo. Ina kuskurena yake? (Koci daga Kurna, Kano)

Amsa: Koci, yaranka ba ragwaye ba ne, abin da ka koya wa jikinsu shi suke yi maka. Wanda ya saba gudun titi na minti arba'in a kan taki ɗaya, a wannan takin jikinsa zai ƙware, ita kuwa ƙwallo ba ta san taki ɗaya ba. Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a minti 90, amma mafi yawan wannan nisa tafiya ce da sassarfa. Inda ake cin wasa ko a sha kashi shi ne ɗan kason da ake yi a guje: mita goma, mita ashirin, daƙiƙa biyu zuwa huɗu, a taka birki, a juya, a yi tsalle, a sake ɓallewa tun numfashi bai gama dawowa ba. Abin da ke ƙare wa yaranka a minti na 60 shi ne saurin farfaɗowa tsakanin wannan gudu da na gaba, gudun titi kuwa ba ya gina shi yadda ake so.

A shekarar 2001 wasu masu bincike a ƙasar Norway, Jan Helgerud da Jan Hoff da abokan aikinsu, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da matasan 'yan ƙwallo: gudu mai ƙarfi na minti huɗu, sassarfa ta minti uku, a maimaita sau huɗu, kwana biyu a mako har mako takwas. Yawan iskar da jikin yaran ke iya amfani da ita ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari, nisan da suke ci a cikin wasa ya ƙaru da kashi 20. Duka atisayen, har da minti goma na ɗumama jiki, bai wuce minti 40 ba, wato bai kai tsawon gudun titinku ba.

Ƙarfin gudun shi ne komai. Ana so zuciya ta kai kashi 90 zuwa 95 na iyakar bugunta. Ana ƙiyasta iyakar ne ta hanyar cire shekarun mutum daga 220, don haka ɗan shekara 20 tasa wajen 200 ce a minti, sai a nemi 180 zuwa 190. Ba sai da agogon auna zuciya ba. Da ka busa usur kowa ya dafa gefen wuyansa, ka ƙirga musu daƙiƙa goma, wanda ya samu 30 zuwa 32 ya yi daidai. Wata alamar: mai gudun ya iya furta kalma biyu ko uku, amma hira ta gagare shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya fara kamar an biyo shi da kare, kafin minti na biyu ya ƙare ya koma jan ƙafa. Zuciya tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta hau inda ake so, saboda haka a fara da natsuwa. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne nisan da yaro ya ci a zagaye na huɗu ya yi daidai da na farko. Idan ya ragu sosai, ya yi garaje tun farko. Kuma a minti ukun hutu kada kowa ya kwanta ko ya dafa gwiwa ya tsaya cak, sassarfa ake yi a hankali.

In yaranka sun tsani zagaya fili, kuma yawanci sun tsana, yi musu wannan da ƙwallo. Huɗu da huɗu a fili mai tsawon mita 35 da faɗin 25, minti huɗu ana wasa, minti uku ana hutawa, sau huɗu. Sharaɗi biyu ne. Na farko, a jera ƙwallaye a gefen fili, da ɗaya ta fita a jefo wata, domin idan za a tsaya jiran a ɗauko ƙwallo daga kwata, bugun zuciya ya sauka an yi aikin banza. Na biyu, ka tsaya kana tsawa kana zuga, don yara sun fi ƙoƙari idan koci yana kansu. Illar wannan hanya ita ce mai wayo yana iya laɓewa a baya ya huta. Maganinsa doka: ba a ƙirga cin ƙwallo sai duk 'yan ƙungiyar sun tsallaka tsakiyar fili.

Sai gudun tsere. Mita 30 da iyakar ƙarfi, hutun daƙiƙa 25, sau shida, a huta minti huɗu, a sake, kashi biyu ko uku. Wannan na juriya ne. Idan kuwa saurin kansa kake so ya ƙaru, a yi shi a farkon atisaye jiki bai gaji ba, kuma a ba da cikakken hutu, minti ɗaya ga kowace mita goma da aka gudu. Wanda ya gaji ba ya koyon sauri.

Idan wasanku ranar Lahadi ne, Litinin hutu, Talata atisaye matsakaici da ƙarfafa ƙafa, Laraba ranar wahala, Alhamis gudun sauri da wasan dabara, Juma'a tsarin wasa, Asabar minti 45 marasa nauyi da bugun kwana da bugun tazara. Kada atisaye mai tsanani ya faɗo cikin kwana biyun ƙarshe kafin wasa. Kocin da ke gallaza wa yara ranar Asabar don "su shirya", a filin atisaye ya bar ƙafafunsu. Kafin kakar wasa, lokacin da babu wasa a ƙarshen mako, za ka iya yin ranar wahala sau biyu, Talata da Juma'a.

Don ka san ko ana ci gaba, auna su yau, ka sake bayan mako shida. Mafi sauƙi shi ne gwajin minti 12 da Dokta Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968: kowa ya ci iyakar nisan da zai iya a minti 12. Cikakken fili mai mita 105 da 68 zagayensa mita 346 ne, amma ka auna naku da igiya, filayen unguwa ba su cika kai haka ba. Saurayi ɗan ƙwallo ya kamata ya wuce mita 2,800. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 kuma ka ƙyale su da duk wannan lissafi, ka ba su ƙwallo da ƙananan filaye.

Tambaya: Me ake nufi da "Chindit", sunan barikin sojan Zariya? Na tambayi mutane da yawa, wasu sun ce sunan wani Bature ne. (Ɗaliba daga Sabon Gari, Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, ba sunan mutum ba ne. Kalmar ta samo asali ne daga "Chinthe", gunkin wata dabba mai kama da zaki da ake girkewa a ƙofar wuraren ibadar mabiya Buda a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Wani hafsan Birtaniya, Orde Wingate, ya ɗauki hoton dabbar ya mai da shi tambarin wata rundunar musamman da ya kafa a Yaƙin Duniya na Biyu, bakin Turawa ya mai da sunan Chindit. Aikin rundunar shi ne kutsawa can bayan sahun sojojin Japan, cikin ƙungurmin daji, a fasa layin dogo, a tare hanyoyin abinci da makamai, ita kuma ana jefo mata nata guzurin daga jirgin sama.

Sun shiga sau biyu. Na farko a Fabrairun 1943 da mutum wajen 3,000. Na biyu, wanda ya fi girma nesa ba kusa ba, ya fara ne ranar 5 ga Maris 1944, aka riƙa sauke sojoji da dare a sararin daji cikin jirage marasa inji waɗanda wasu jiragen ke janyowa da igiya. A wannan karo na biyu ne 'yan Najeriya suka shiga: Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, mai bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 na rundunar Najeriya. An kai su a watan Afrilu, suka yi gadin sansanonin da aka kafa a tsakiyar abokan gaba, har da wanda aka yi wa laƙabi da White City saboda fararen lemomin jefo kaya da suka maƙale a bishiyoyinsa. Shi Wingate bai ga ƙarshen aikin ba, ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris 1944.

Wahalar da suka sha ba ta harsashi kaɗai ba ce. Kowane soja yana goye da kaya na kusan kilo 30, ga tsaunuka, ga damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da yunwa sun kwantar da ɗimbin mutane. Alfadaran da ke ɗaukar manyan kaya har aiki aka yi musu a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin runduna.

Birged ɗin nan wani yanki ne na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a Najeriya a 1943 da sojojin Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Sauran rundunar sun yi yaƙinsu a kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan, inda mota ba ta shiga, sai 'yan dako masu ɗaukar harsasai da sassan bindigogi a ka. Daga baya Runduna ta 82 ta iso, su biyun suka haɗu suka karɓi garin Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a Janairun 1945. Da yawan sojojin daga Arewa aka ɗebo su, kuma tun kafin yaƙin, Hausa ce harshen bariki, har a rundunar Gana, hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta.

Idan kin lura, barikoki da dama haka sunayensu suke. Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk wurare ne a Bama. A Gana ma hedikwatar sojansu a Accra sunanta Burma Camp. Barikin Marda na Legas daga wani fagen ya fito: wata mashigar dutse ce a Habasha inda sojojin Najeriya suka kara da na Italiya a Maris 1941, bayan sun shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu. Bukavu ta Kano kuwa ba ta wannan yaƙin ba ce, gari ne a gabashin Kwango, inda sojojin Najeriya suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960.

Tambaya: Ni ɗan gefe ne, gudu shi ne jarina. Sau biyu ke nan cikin wata biyar naman bayan cinyata yana ɗaukewa ina tsakiyar gudu. Na huta mako biyu, an murza mini, na dawo, ya sake. (Ɗan wasa daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, ka dawo da wuri, kuma ka dawo da tsoka mai rauni. Naman bayan cinya ya fi yagewa a daidai lokacin da ƙafa ta wurga gaba tana shirin taka ƙasa. A wannan ƙiftawar ido tsokar tana miƙewa kuma tana taka birki a lokaci guda. Hutu kawai yana kawar da zafi, ba ya mayar da wannan ƙarfin birki, shi ya sa wanda ya taɓa samun ciwon ya fi kowa haɗarin sake samu, musamman a makonnin farko bayan dawowa.

Kwana biyu zuwa ukun farko ba a murza wurin, ba a gasa shi da ruwan zafi. Tsoka ce ta yage tana zubar da jini a ciki, murza tana ƙara ɓarna. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba matsewa ainun ba. Idan ka ji ƙara kamar an tsinke igiya can sama kusa da mazaunai, ko wurin ya yi baƙi da faɗi, ko taka ƙafa ya gagara, wannan na asibiti ne, mai yiwuwa jijiya ce ta ɓalle daga ƙashi.

Da tafiya ta daina zafi sai a fara ƙarfafawa a hankali, daga baya a shiga atisayen da ake kira Nodik. Ka durƙusa a kan tabarma ko katifa, abokinka ya danne maka idon sawu biyu da ƙarfi. Jikinka daga gwiwa har kai ya miƙe kamar sanda, kada ka lanƙwasa ƙugu. Sai ka riƙa faɗuwa gaba sannu a hankali, kana riƙe kanka da bayan cinya iyakar iyawarka, in ya ƙwace ka tare ƙasa da tafin hannu, ka tunkuɗa ka dawo. Saukar ita ce aikin, daƙiƙa uku zuwa huɗu. Mako na farko, sau biyar kashi biyu, rana ɗaya tak. Mako na biyu, sau shida kashi biyu, kwana biyu. Na uku, sau shida zuwa takwas kashi uku, kwana uku. Na huɗu, takwas zuwa goma. Daga mako na biyar zuwa na goma, 12 da 10 da 8, kwana uku a mako, bayan nan sau ɗaya a mako ya isa. Kada ka tsallake matakan farko don ka ga sun yi kaɗan, wanda ya fara da talatin rana ɗaya zai yi kwanaki yana tafiyar agwagwa. An gwada wannan tsari a Denmark da 'yan wasa 942 na ƙungiyoyi 50, sakamakon ya fito a 2011: waɗanda suka yi shi sun samu ciwon sau 15, waɗanda ba su yi ba sau 52.

Kafin ka koma wasa, abu uku su tabbata. Danna wurin ba ya zafi. Ƙafar tana miƙewa daidai da ɗaya. Ka hau matakan gudu, rabin ƙarfi, kashi 70, 80, 90, har iyaka, kowane mataki a ranarsa, ba tare da ka ji ja ba a ranar ko washegari. Sai ka yi cikakken mako kana atisaye da ƙungiya tukuna.

Ka kuma gaya wa kocinku ya nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, kyauta yake a intanet. Minti 20 ne, motsi 15, Nodik ɗin ma yana ciki. An gwada shi da ƙungiyoyin matasa a Legas, rahoton 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari.

Tambaya: Randata ta daina sanyaya ruwa kamar da, ga shi ba ta fashe ba. Me ya sa ma randa ke sanyaya ruwa? (Uwargida daga Haɗeja)

Amsa: Hajiya, randa gumi take yi. Jikin yumɓu cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar kuma sai ta tafi da zafi daga jikin randar. Idan rabin ƙaramin kofi, wato mililita 100, ya bushe, zafin da ya ɗauke ya isa ya sauke lita goma na ruwa da kusan digiri shida. Shi ya sa randa ta fi aiki a bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, a watan Agusta kuwa da iska ke cike da laima sai ki ji ruwan salam.

Idan ba damina ba ce, ƙofofin ne suka toshe. Gishirin da ke cikin ruwan rijiya ko na burtsatse yana taruwa a bayan randa, ga ƙura, ga gansakuka, ga maiƙon hannu. Ki juye ruwan, ki goge ciki da waje da buroshi mai tauri ko soson buhu da ruwa zalla, ban da sabulu, don sabulu yana shiga ƙofofin ya ɓata ɗanɗano. Ki shanya ta yini guda. Ki ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a lungun ɗaki ba, a kan jiƙaƙƙen yashi, ki naɗa mata jiƙaƙƙen buhun algarara. Wadda aka shafa wa fenti ko siminti don ado ta gama aiki. Tsohuwar da ta toshe sarai kuma sai a mai da ita ta ajiyar hatsi a sayi sabuwa. Moɗa ta zama guda ɗaya mai mariƙi, ana ɗiba da ita ana zubawa a kofi, ba a sha da ita a mayar.

Da wannan hikimar ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi kaurin yatsa biyu, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da tattasai da alayyafo sai su yi kwanaki ba su yanƙwane ba.

Tambaya: Azumi ya kusa, ga zafi, gasarmu kuma ba za a dakatar ba. Yaushe ya fi dacewa mu yi atisaye, kuma ruwa nawa za mu sha? Wasu abokaina suna shan ƙwaya kafin wasa wai tana hana gajiya. (Mai tsaron baya daga Gusau)

Amsa: Atisaye mai nauyi a kai shi bayan asham, ko awa biyu zuwa uku bayan buɗa baki, lokacin da abinci ya sauka kuma ana iya shan ruwa ana yi. In babu fitila a filinku, to awa ɗaya kafin magariba, minti 40 zuwa 45, aikin ƙwallo da dabara, ba gudun fitar rai ba, ta yadda kuna gamawa ana kiran salla. Mafi muni shi ne na hantsi ko azahar, domin gumin da aka zubar babu damar mayar da shi sai bayan awa shida ko fiye.

Yawan ruwa kowa da nasa, sikeli ne zai gaya maka. Hau kafin atisaye, hau bayansa ka cire jiƙaƙƙiyar riga. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta gumi, kuma lita ɗaya da rabi ake sha a madadinta, wato ledar fiya wata uku, tunda wani zai fita a fitsari. Da an rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, kilo ɗaya da ɗigo uku ga mai kilo 65, gudu da natsuwa sun fara raguwa. Kada ka ɗura lita biyu lokaci guda da buɗa baki, ciki zai cika abinci ya rasa wuri. Rarraba shi, leda ɗaya kowace awa har ka kwanta, biyu da sahur. Fitsarin asuba ya zama ruwan ɗorawa mai haske, in ya yi ja kamar shayi ba ka sha ya isa ba. Abin sha na wasa kuma ba sai ka saya ba: lita ɗaya ta ruwa, babban cokali huɗu na sukari a shafe, rubu'in ƙaramin cokali na gishiri, a matse lemun tsami. Da buɗa baki dabino da kunu, bayan salla shinkafa ko tuwo da wake ko ƙwai ko nama, da sahur fura da nono sun fi soye-soye riƙe ciki.

Zafi ba abin wasa ba ne. Hatta FIFA tana tsayar da wasa a sha ruwa idan zafi ya tsananta, kuma an fara ganin haka a hukumance a gasar cin kofin duniya a wasan Holan da Meziko a Fortaleza a 2014. Idan ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, ko ya faɗi jikinsa rau da zafi, a ja shi inuwa, a tuɓe masa riga, a riƙa kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun a nan kafin mota ta zo, sannan asibiti.

Maganar ƙwaya, in tiramol kake nufi, ba ta hana gajiya, jin ciwo take toshewa, sai mutum ya ci gaba da gudu a kan tsokar da ta yage. Tana jawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa bari, kuma hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ma, shan su kafin wasa a cikin zafi da ƙishirwa yana wahalar da ƙoda.

Tambaya: Da gaske ne ƙasashe biyu sun taɓa yin yaƙi saboda wasan ƙwallo? (Mai shayi daga Yamai)

Amsa: An yi yaƙin, amma ƙwallo ashana ce kawai, man ya daɗe a zube. El Salvador da Honduras ne, maƙwabta a Amurka ta Tsakiya, a 1969. El Salvador ƙarama ce mai cunkoso, gonakinta suna hannun 'yan tsirarun attajirai, don haka talakawanta wajen 300,000 suka tsallaka Honduras suna noma. Gwamnatin Honduras ta fara aiki da dokar rabon filaye, ta riƙa ƙwace gonakin baƙin tana korarsu, jaridun ɓangarorin biyu suna hura wuta.

Ana cikin haka suka haɗu a wasannin neman gurbin kofin duniya na 1970. Ranar 8 ga Yuni Honduras ta ci 1-0 a gidanta. Ranar 15 ga wata El Salvador ta rama da 3-0, aka yi tarzoma a wasannin biyu. Wasan raba gardama a birnin Meziko ranar 27 ga Yuni, El Salvador ta ci 3-2 bayan ƙarin lokaci, a daidai kwanakin da ta yanke hulɗar jakadanci. Ranar 14 ga Yuli ta kai hari ta sama da ta ƙasa. Ƙungiyar ƙasashen nahiyar Amurka ta shiga tsakani aka tsagaita wuta ranar 18, shi ya sa ake ce masa yaƙin awa ɗari. Dubban mutane sun mutu, yawancinsu farar hula, kuma sai a 1980 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. El Salvador ta je gasar a Meziko, ta sha kashi a duk wasanninta uku ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba.

Tambaya: Me ya sa idan hunturu ya shigo nake jin kamar lantarki ya ja ni in na taɓa ƙofar mota? (Direba daga Katsina)

Amsa: Malam direba, lantarki ne kuwa, amma kai ka tara shi, ba batirin mota ba. Gogayyar rigarka da kujera, musamman yadin roba, tana tara caji a jikinka. Da damina laimar iska tana zuƙe shi a hankali ba ka sani ba, da hunturu kuwa iska ta bushe, sai ya taru har ya kai dubban bolt, ya fice lokaci guda ta kan yatsa. Yawansa kaɗan ne ƙwarai, ba ya illa. Ka kama ƙarfen ƙofar tun kana zaune, ka riƙe shi har ƙafarka ta taka ƙasa, ko ka fara taɓa ƙarfen da makulli. A gidan mai ne kawai abin ke da haɗari: in ka koma cikin mota ana tsakiyar zuba fetur, taɓa jikin motar nesa da bakin tanki kafin hannunka ya kusanci bututun.